Bana ba kanofi, ba sifika

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sanyi. Kwana biyu kun ji ni shiru, ba komai ba ne illa wani kaya da aka ɗora min a ka wanda ban nema ba. Ƙungiyarmu ta zumuncin ɗalibai a nan jami'ar Jos ta ba ni shugabancin kwamitin da zai nemo sabbin 'yan ƙungiya a bana, kuma tun daren da aka yanke maganar a teburin mai shayinmu na titin Bauchi, kowa ya dunƙule cikin rigar sanyi ana ta hura kofi, ni dai ban ƙara yin barci mai daɗi ba. Na san wani zai ce to mene ne abin rashin barci a ciki, ba fom za ku buga ku raba wa jambitoci, wato sabbin ɗalibai, ba shikenan? Haka ni ma na ɗauka bara, kuma abin da ya biyo baya shi ne ya sa na zauna nake wannan dogon rubutun, sai ku yi haƙuri da ni.

Ga wanda bai san mu ba, mu ba wasu masu yawa ba ne, ba mu kai hamsin ba, samari ne masu jin Hausa daga Filato da Bauchi da Kaduna da Nasarawa da Gombe, akwai Musulmi akwai Kirista, akwai mai karatun lauya akwai mai karatun haɗa magani akwai 'yan ilimi. Muna da rijista a ofishin kula da harkokin ɗalibai, muna da malami guda da yake tsaya mana a matsayin uban ƙungiya, abin da muke yi kuma ba boyayye ba ne, tutoriyal idan jarabawa ta matso, ɗan asusu da muke zuba kuɗi duk wata saboda ranar da wani zai shiga matsala, dubiya idan wani ya kwanta, ta'aziyya idan an yi wa wani rasuwa ko da kuwa sai mun haɗa kuɗin mota zuwa Shendam ko Toro, sai ƙwallo ranar Asabar da safe. Iyakarta kenan.

To bara da sabbin ɗalibai suka shigo sai muka ce mu ma bari mu nuna muna nan. Muka yi hayar kanofi da kujeru, muka ɗauko sifika da janareta, aka buga bana babba da fastoci, aka sayo lemo da fiya wata, wallahi kusan rabin abin da ke asusu a wannan yinin ya tafi. Kuma mutane sun zo ba laifi, sunaye sama da saba'in muka rubuta da lambobin waya, da daddare aka zuba su duka a guruf na WhatsApp ana ta barka da zuwa barka da zuwa, muka kwanta muna murna. Bayan wata ɗaya da aka kira mitin mutum takwas ne suka zo a cikinsu. Taron tsintsiya ba shara. Amma ba wannan ne ya dame ni ba, don kuɗi in sun tafi suna dawowa. Akwai wani yaro siriri da ya zo wajen kanofin nan da jakar gana-mas-go a hannu, daga wani ƙauye a kudancin Bauchi, ni da hannuna na miƙa masa biro ya rubuta sunansa, na tuna har na tambaye shi ko ya samu wurin kwana ya ce min yana dai nema, na ce Allah ya sa a dace na juya wajen na bayansa. Sai a zango na biyu ina bin takardar ina kiran mutane ɗaya bayan ɗaya na kira lambarsa, yayansa ya ɗauka, ya ce ai ya dawo gida tun kafin jarabawa. Bai samu ɗaki ba, a aji yake kwana a kan benci ba bargo, sanyin Jos ya shige shi ya kwanta ciwon haƙarƙari, ɗan kuɗin da aka haɗa masa ya ƙare a magani, yanzu yana koyon walda a gari. Na yi shiru na kasa cewa komai. Asusun nan fa saboda irinsa muka kafa shi, a ɗakinmu akwai katifa da ba mai kwana a kai, sunansa yana cikin takardarmu lamba ta 23, yana cikin guruf ɗinmu yana ganin muna turo hotunan ƙwallo, kuma ba wanda ya taɓa kiransa ya ce ina kake kwana. Har yau in na tuna sai in ji ƙirjina ya yi nauyi.

Ina cikin wannan tunanin ne muka yi waya da ɗan baffana da yake karatun injiniya a wata jami'a a Amurka, na ba shi labarin aikin da aka ba ni, sai ya ce ai su a can wannan harka ce babba mai tsari. Suna da ƙungiyoyin 'yan uwantaka na samari da suke kira firataniti, sunayensu haruffan Girka ne guda biyu ko uku, kowace tana da uwar ƙungiya ta ƙasa sannan tana da reshe a jami'o'i daban daban, da yawansu ma har gida suke da shi a kusa da makaranta inda 'yan reshen suke zama tare. Farkon zango akwai sati guda da suke ce wa rosh, kowane reshe ya buɗe ƙofa, a yi gashi a yi wasanni, sabbin ɗalibai su yi ta zagayawa suna ganin inda ya kwanta musu, bayan nan 'yan reshen su zauna su tattauna kan kowane mutum ɗaya, wanda suka yarda da shi su ba shi takardar gayyata, in ya karɓa sai ya yi wasu makonni yana koyon tarihin ƙungiya da dokokinta kafin ya zama cikakken ɗan gida, kuma kowane sabo ana haɗa shi da wani na sama da shi a matsayin babban yaya. Da yawansu kuma in makinka na jarabawa ya yi ƙasa da wani mizani ba za su ɗauke ka ba. Duk wannan na ji, amma abin da ya tsaya min a rai shi ne da ya ce min, yaya ka san reshen da suka iya abin ba a satin nan suke aikin ba, tun watanni kafin nan mai kula da ɗaukar mutane yake da jerin sunaye, kowane ɗan reshe sai ya kawo wanda ya sani, kuma abin da ake koya musu shi ne ka fara sanin mutum, ku zama abokai, ka haɗa shi da abokanka, sannan ka nuna masa ƙungiya, sai a ƙarshe ka ce masa ya shigo. Na ce masa kai wannan ai ba sai an je Amurka ba, abin da kakanninmu suke cewa ne zumunta a ƙafa take, mu ne dai muka juya abin, muka fara da shigo kafin mu san ko waye.

Bayan wayar na ɗan bi tarihin abin don ya ba ni sha'awa. Ta farko mai sunan haruffan Girka ita ce Phi Beta Kappa da aka kafa a 1776 a kwalejin William da Mary a jihar Bajiniya. Baƙaƙen fata da ba a karɓarsu a na turawa suka kafa nasu, Alpha Phi Alpha a 1906 a jami'ar Cornell wadda Martin Luther King ya shiga, sai Phi Beta Sigma a 1914 a jami'ar Howard, kuma ita wannan ɗin Nnamdi Azikiwe da Kwame Nkrumah duk 'yan cikinta ne. Abin da ya fi burge ni, a 2013 wasu ɗalibai Musulmi a jami'ar Texas da ke Dallas suka kafa tasu suka sa mata Alif Lam Mim, ba giya ba sheƙe aya. Amma kar wani ya ɗauka komai nasu lafiya lau ne, suna da wata muguwar al'ada ta gwale-gwale ga sabon shiga, a tilasta masa shan giya har ya fita hayyacinsa, a hana shi barci, a wulaƙanta shi wai don a gwada ko ya cancanta, kuma yara suna mutuwa a ciki. A 2017 wani ɗalibi ɗan shekara 19 mai suna Timothy Piazza ya mutu a jami'ar Penn State bayan an ɗirka masa giya a daren karɓarsa ya faɗo daga matakala aka bar shi awanni ba a kira asibiti ba. Abin ya kai a watan Disamba na 2024 sai da aka sa hannu a dokar tarayya da ta wajabta wa jami'o'insu su riƙa bayyana irin wannan aika-aikar a rahotonsu.

Mu kuma a nan gida ai ba sai an ba mu labari ba. Kalmar nan ta firataniti da ɗan baffana yake faɗa hankali kwance, in ka faɗe ta a gaban wani dattijo a Dilimi ko Bukuru sai ya kama hannun ɗansa, kuma yana da gaskiya. A 1952 ɗalibai bakwai a kwalejin jami'a ta Ibadan, cikinsu har da Wole Soyinka, suka kafa irin wannan ƙungiya mai suna Pyrates da niyyar yaƙar ƙabilanci da girman kan 'ya'yan masu hali da kwaikwayon turawa, ba makami ba jini. Daga baya aka yi ta ɓallewa ana kafa wasu, Buccaneers a 1972, Black Axe a Benin a 1977, ga Eiye ga sauransu, abu ya rikiɗe ya koma rantsuwa a daji da tsakar dare da gatari da bindiga, ya zama abin da yau muke kira ƙungiyar asiri. Daren 10 ga Yuli 1999 aka shiga ɗakunan kwanan ɗalibai a jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ife aka kashe ɗalibai biyar, har da sakataren ƙungiyar ɗalibai George Iwilade da ake kira Afrika. To uban da ya ji irin wannan, ya sayar da buhun masara ko ɗan akuya ya turo yaronsa Jos, ranar da zai taho nasihar farko da zai masa ita ce ban da shiga ƙungiya, ka yi abin da ya kai ka. Ni ma haka mahaifina ya ce min a tasha. Duk wanda zai nemi sabbin mutane a jami'ar Najeriya bai sa wannan tsoron a lissafinsa ba to bai fara ba.

Kuma akwai wani abu da na lura da shi wanda ba daɗin faɗa. Wani abokina ƙaninsa ya faɗa hannun 'yan asiri a wata jami'a da ba zan kira sunanta ba, da ƙyar aka raba shi da su sai da aka canza masa makaranta. Na tambaye shi yadda aka yi suka same shi, ya ce min ba fom suka ba shi ba, ba kanofi suka kafa ba, wani ne ya gan shi yana ta zagaye da fayil a hannu ya rasa ofishin da zai je, ya raka shi, ya saya masa abinci, ya ba shi wurin kwana sati biyu, ya ce in wani ya taɓa ka ka faɗa min. Shikenan ya gama da shi. Wato mugu ya san darajar satin farko, ya san baƙo ko yana da ido makaho ne, ya san wanda ya fara miƙa maka hannu ranar da ka rasa gabas ka rasa yamma ba ka manta shi, mu kuma da muke cewa alheri muke nufi muna can ƙarƙashin kanofi muna jiran a zo a same mu. Wannan maganar na faɗa wa kwamiti kamar yadda na rubuta ta nan, kowa ya yi tsit.

Saboda haka bana ba kanofi, ba sifika, ba bana. Kuɗin da za a kashe a nan mun ce a sayi barguna a gwanjo a kuma ajiye saura. Tun da jerin admishan ya fara fitowa na ce kowane ɗan ƙungiya ya bincika a unguwarsu da garinsu da tsohuwar sakandarensu wa ya samu Jos, ya karɓo lamba, ya kira shi tun yana gida, ba don ya ce masa shigo ƙungiya ba, a'a ya tambaye shi yaushe za ka taho, wa ka sani a Jos, ina za ka sauka, ka san ana sanyi ko. Don mutumin da ya taso a Azare ko Lafiya bai san me ake nufi da gari mai tudun sama da mita 1,200 ba sai iskar Disamba ta same shi da asuba. Ranar da zai iso mutum ɗaya zai tare shi a tasha ya sa shi a keke. A satin rijista za mu raba kanmu, wasu a harabar titin Bauchi wasu a Naraguta, don sabo yakan yini guda yana neman ofishi a wannan alhali yana can ɗayan, duk wanda ba shi da lakca a wannan awar ya tsaya ya nuna wa mutane inda ake tantance takardu, yadda ake ciro lambar Remita ta biyan kuɗin makaranta ba tare da wani ɗan kafen intanet ya ninka masa kuɗi ba, yadda ake cike neman bashin karatu na NELFUND da aka fara a 2024 wanda har yanzu yara da yawa daga ƙauye ba su ma san da shi ba. Wannan taimakon na kowa ne, mace ko namiji, mai jin Hausa ko wanda ba ya ji, ko zai shigo cikinmu ko ba zai shigo ba, kuma na roƙi kowa kar ya kuskura ya ciro fom a wannan satin. Sannan ɗakuna uku na 'yan ƙungiya, biyu a Angwan Rogo ɗaya a Farin Gada, mun ware su saukar baƙi na sati biyu kafin mutum ya samu hostal ko ya haɗa kuɗi da wasu su kama ɗaki. Sai bayan sati uku ko huɗu, an san juna an ci indomi tare an buga ƙwallo, sannan za mu kira zama guda da rana tsaka a cikin aji, ƙofa a buɗe, uban ƙungiya yana zaune, a karanta tsarin mulkinmu daga farko har ƙarshe, ma'aji ya karanta abin da ya shigo da abin da ya fita, wanda ya ga zai iya ya ɗauki fom ya tafi da shi ya yi shawara da gida.

Inda muka fi daɗewa muna ja-in-ja shi ne maganar me za a yi wa sabo in ya shigo. Ɗaya daga cikin manyanmu, mutumin kirki ne wallahi kuma ya fi ni daɗewa a ƙungiya, ya ce abin da aka samu a sauƙaƙe ba a riƙe shi da daraja, shi ya sa na bara suka watse, don haka a sa sabbi su yi wata guda suna share ɗakin manya suna ɗebo ruwa suna wanke rigunan ƙwallo, kamar yadda aka yi mana a makarantar kwana, ai tarbiyya ce. Wasu suka ce haka ne. Ni kuma na ce masa yaya ka yi haƙuri, ina ganin girmanka amma wannan in dai ni ne a kujerar nan ba za a yi ba. Mu da muka yi makarantar kwana mun san yadda abin yake tafiya, bana shara ce, baɗi wanda aka sa shara ya zama siniya sai ya ƙara da tsallen kwaɗo, wanda ya yi tsallen kwaɗo ya ƙara da bel, kowa yana rama abin da aka yi masa a kan wanda bai ji ba bai gani ba, kuma su waɗancan na Amurka da na Ibadan ba wanda ya fara da niyyar kisa, da kaɗan kaɗan aka kai can. In dai gwaji ake so akwai gwaji, mu je gidan marayu aiki mu ga wa zai zo, a yi wa wani rasuwa mu ga wa zai shiga mota, a sa tutoriyal ƙarfe bakwai na safe cikin sanyi mu ga wa zai fito, amma duk aikin da za a sa sabo to shugaba ma ya cire riga ya yi shi tare da shi. Daga ƙarshe aka kaɗa ƙuri'a ra'ayina ya wuce da ƙyar, kuma na san har yanzu akwai waɗanda ba su gamsu ba. Abin da muka ɗauka daga wajen ɗan baffana shi ne na babban yaya, kowane sabo a haɗa shi da wani ɗan aji uku ko huɗu, in da hali daga sashensu ɗaya, wanda zai ba shi tsofaffin handawut da tambayoyin jarabawar baya, ya kuma kira shi ko sau ɗaya ne a sati. In sabo ya ɓace sati biyu ba a ji ɗuriyarsa ba, yayan za a tambaya a mitin.

Maganar zaɓe kuwa, wato a zauna a ce wane ya cancanta wane bai cancanta ba, ban karɓe ta duka ba. Mu ba gidan sarauta ba ne. Sharaɗinmu ɗalibi ne na gaskiya mai lambar rijista, ba ya cikin ƙungiyar asiri, ba ya shaye-shaye, in kuma yana fama da shi yana so ya daina to wannan wata magana ce daban za mu zauna da shi. Amma na ce kar mu wuce mutum ashirin bana, don iya waɗanda za mu iya riƙewa kenan da yawan yayyen da muke da su, gara ashirin da muka san inda kowa yake kwana. Kuɗin wata kuma har yanzu ba mu daidaita ba, ma'aji yana so a ƙara saboda komai ya yi tsada tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuma ba ƙarya ya yi ba, ni kuma ina so a yafe wa sabbi zangon farko gaba ɗaya saboda a lokacin ne aljihunsu ya fi bushewa, ga kuɗin makaranta ga na ɗaki ga na littafi. Mun bar shi sai zama na gaba.

Sai abu na ƙarshe wanda duk ɗan Jos ya san nauyinsa. Garin nan ya ga rikicin 2001 ya ga na 2008 ya ga na 2010, unguwanni sun rabu, akwai inda wani ba ya son dare ya yi masa, kuma sabon ɗalibi yana zuwa da labaran da aka cika masa kunne da su tun daga gida. Shi ya sa nake alfahari da cewa a ƙungiyarmu in Musulmi ya buɗe taro da addu'a Kirista ne zai rufe, ba ma sa mitin lokacin Juma'a ba ma sa wa ranar Lahadi da safe, da azumi har waɗanda ba sa yi suna zuwa shan ruwa, da Kirsimeti kuma mun sha cin shinkafa da gwate a gidajen abokanmu. Ba mu zo mu maye gurbin ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta MSSN ba wadda take nan tun 1954, ko ta ɗalibai Kirista wato FCS da aka kafa a Gindiri nan Filato a 1957, kowa ya je tasa muna ma ƙarfafa masa gwiwa. Amma na gaya wa kwamiti in muka tashi da sabbi ashirin duk addini ɗaya to mun faɗi, ko da kuwa duk mutanen kirki ne, don haka wajen tarar mutane a tasha da raka su rijista a riƙa tafiya bibbiyu a gauraye, yaro ya gani da idonsa tun ranar farko.

Jiya na kira wani da ya samu admishan daga wajen Saminaka, muna cikin magana mahaifinsa ya karɓi wayar ya ce kai waye, me kake nema da ɗana. Na gaishe shi na ce Baba ku yi haƙuri, ɗalibi ne ni ɗan aji huɗu, ba abin da nake nema illa in ya iso kar ya kwana a waje, in kun yarda zan turo muku takardar dokokinmu ku sa a karanta muku, zan kuma ba ku lambar malamin da yake kula da mu ku kira shi da kanku, in kuma kun ce kar ya shiga ƙungiya to ba zai shiga ba amma duk da haka za mu tare shi a tasha. Ya yi jim, sannan ya ce to ka turo, Allah ya yi maka albarka in gaskiya ka faɗa. Na tura tun a daren.

Zuwa yanzu barguna goma sha ɗaya muka haɗa da katifa biyu, tsofaffin 'yan ƙungiya da suke hidimar ƙasa ko suka fara aiki a Abuja don Allah wanda yake da bargo ko rigar sanyi da ba ya sawa ya aiko, an san inda za a same ni. Yaron nan na bara kuma na sake kiran yayansa shekaranjiya, na ce masa in har yana da sha'awar dawowa mu za mu saya masa fom ɗin JAMB daga asusu, kuma wannan karon ɗakina zai sauka. Ya ce ba zai amsa a madadinsa ba, in sake kira ranar Lahadi bayan sallar isha'i lokacin ya dawo daga wajen walda.